Kalma da kuɗi: sharhi a kan ƙa'idojin tallafa wa tsofaffi su tsufa a gidajensu a ƙasar Faransa

0. Gabatarwa

Wannan ɗan sharhi ya shafi wasu nassoshi na hukumar ƙasar Faransa, waɗanda suka tsara yadda ake fitar da kuɗi domin tsofaffi su ci gaba da zama a gidajensu maimakon a kai su gidajen kula da gajiyayyu. Nassoshin guda uku ne: dokar 20 ga Yuli 2001 wadda ta kafa tallafin da ake kira APA, ma'aunin AGGIR, wanda da shi ne ake tantance mai cin wannan tallafi, da dokar 28 ga Disamba 2015 wadda ta buɗe wa ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye hanyar samun kuɗin rigakafi. Za mu karanta su da idon mai nazarin harshe, watau mu dubi kalmomin da aka zaɓa, mu ga abin da kowace ta ɗauka da abin da ta zubar.

Abin da muke son nunawa shi ne, an ƙuntata ma'anar kalmomi uku a cikin waɗannan nassoshi, «autonomie» da «domicile» da «action», kuma kuɗin ya bi ƙuntatacciyar ma'anar. Sakamakon haka, abin da ya fi riƙe tsoho a gidansa, watau shiga da fitar mutane, shi ne ya samu mafi ƙarancin kaso kuma mafi rashin tabbas. Batun ya shafe mu, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu, in sun gama karatu, ma'aikatu da ƙungiyoyi suke shiga, inda ake miƙa musu irin waɗannan nassoshi na Faransanci a ce su daidaita su ko su fassara su.

1. Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1962 ne kwamitin da Pierre Laroque ya shugabanta ya fitar da rahotonsa a kan siyasar tsufa, inda ya ba da shawarar a bar tsoho cikin jama'arsa, a kai masa taimako har gida. Sai da aka yi shekara 35 kafin a samu doka ta musamman a kan kuɗin. Dokar 24 ga Janairu 1997 ta kafa PSD, «prestation spécifique dépendance». Wannan tallafi bai karɓu ba: ana duba abin da mutum yake samu kafin a ba shi, kuma hukuma tana iya cire kuɗinta daga gadonsa bayan rasuwarsa. Tsofaffi da yawa suka gwammace wahala da su rage wa ƴaƴansu gado. Waɗanda suka ci shi ba su kai 200 000 ba.

APA, «allocation personnalisée d'autonomie», ta maye gurbinsa daga 1 ga Janairu 2002. Duk mai shekara 60 zuwa sama da ma'auni ya nuna gazawarsa yana da haƙƙi, ba a taɓa gadonsa, sai dai yana biyan wani kaso gwargwadon samunsa, daga babu har zuwa kashi 90 cikin 100. Majalisar «département», wadda za mu kira jaha a nan, ita ce ke biya. Masu cin APA sun kai wajen mutum miliyan 1,3, kuma kusan 6 cikin 10 a gida suke.

Zafin watan Agusta 2003, wanda ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum 15 000, galibinsu tsofaffi, ya sa aka yi dokar 30 ga Yuni 2004. Ita ta kafa asusun ƙasa mai suna CNSA, tare da ranar aiki guda a shekara wadda ma'aikata ke yi ba ƙarin albashi, masu ba da aiki kuma su zuba kashi 0,3 cikin 100 na albashin da suke biya. Daga Afrilu 2013 aka soma cire irin wannan kaso daga fanshon masu biyan haraji. Daga nan ne dokar 2015 ta samu kuɗin rigakafin da za mu duba a sashe na 5.

2. Daga «dépendance» zuwa «autonomie»

Tsakanin 1997 da 2001 sunan tallafin ya juya baki ɗaya: kalmar «dépendance» ta fita, «autonomie» ta shigo. Ta farko ta samo asali daga Latin, ma'anarta ratayuwa a jikin wani abu. Wani ƙudurin gwamnati na 13 ga Maris 1985 a kan kalmomin da suka shafi tsufa ya ba ta ma'ana irin ta likita: halin mutumin da lahani a jikinsa ya hana shi yin ayyukan yau da kullum sai da taimako. Ta biyu daga Girkanci take, «autos» (kai) da «nomos» (doka), watau mutum ya yanke wa kansa hukunci.

Bernard Ennuyer, masanin zamantakewa wanda ya daɗe yana jagorancin wata ƙungiyar kai taimako gida a birnin Pari, ya nuna a littafinsa «Les malentendus de la dépendance» cewa waɗannan kalmomi biyu ba kishiyoyin juna ba ne. Kishiyar «dépendance» ita ce «indépendance». Mutum yana iya kasa tashi daga gado amma ya san sarai abin da yake so, da wanda yake so ya shigo masa, da lokacin da yake so a yi masa wanka. Hausa ta raba abubuwan biyu ba tare da wahala ba: akwai «iya yi da kai», akwai «ikon kai». Tsohuwar da ƙafa ta gaza, amma ba a ɗaura aure a gidan sai da yardarta, ta rasa na farko, na biyu yana hannunta. Haka kuma aikatau «dogara» ba shi da wani kaushi a kunnen Bahaushe: ana dogara sanda, ana dogara ga ɗan'uwa, ana dogara ga Allah.

Nassoshin Faransa sun haɗe ma'anonin biyu a cikin «perte d'autonomie», wadda take nufin gazawar jiki ko ta tunani kawai. An canja suna, abin da ake aunawa yana nan yadda yake a 1997. Kalmar ta ci gaba da yaɗuwa: gidajen da a da ake kira «logements-foyers» sun koma «résidences autonomie» a dokar 2015, kuma reshe na biyar na inshorar jama'a da dokar 7 ga Agusta 2020 ta kafa, sunansa ke nan. Idan kalma ɗaya ta rufe abu biyu, wanda ake iya ƙirgawa shi ke cinye ɗayan.

3. Ma'aunin AGGIR da bayanau huɗu

AGGIR taƙaitawa ce ta «autonomie gérontologique groupes iso-ressources». Kalmar «iso-ressources» ta tona asirin asalinsa: rukunonin mutanen da kula da su ke cin aiki daidai wa daida. Lissafi ne irin na mai tsara aikin ma'aikata a gidan gajiyayyu, aka ɗauko shi aka kai gidajen mutane. Rukunonin, da ake kira GIR, shida ne. GIR 1 shi ne wanda yake kwance kuma tunaninsa ya gushe. GIR 6 shi ne mai yi wa kansa kome. Daga 1 zuwa 4 ne kawai ke da haƙƙin APA.

Ma'aunin yana da tambayoyi 17. Goma ana ce musu «discriminantes»: daidaiton magana da hali, sanin wuri da lokaci, wanka, sa tufafi, cin abinci, kewayawa, tashi da kwanciya, tafiya cikin gida, fita waje, da iya kiran taimako daga nesa. Bakwai ana ce musu «illustratives»: sarrafa kuɗi, dafuwa, aikin gida, shiga mota, cefane, shan magani, da abin da mutum ke yi a lokacin hutunsa. A kowace tambaya, tun bayan gyaran 2008, mai aunawa yana bin bayanau huɗu, «spontanément», «totalement», «correctement», «habituellement»: ko mutum yana yin abin ba sai an tuna masa ba, yana yin sa duka, yana yin sa daidai, yana yin sa kullum. Daga nan ya ba shi A, B ko C.

Ga inda sukarmu take. Tambayoyi takwas na farko kaɗai ke shiga lissafin GIR. Fita waje da kiran taimako, duk da sunansu na «discriminantes», ba sa canja rukunin mutum. Bakwai na ƙarshe kuwa bayani suke ƙarawa wajen tsara taimakon. Ke nan tsohon da ke zaune a hawa na huɗu, matakala ta fi ƙarfinsa, wata uku bai ga titi ba, in dai yana wanka yana sa riga yana kai cokali baki, zai iya fitowa a GIR 5, a ce ya nemi asusun fanshonsa. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Ma'aunin ya ƙirga ƙafar daga gado zuwa makewayi, ya tsaya a bakin ƙofa.

Akwai kuma matsalar amsa. Lokacin da muke karatu a Faransa, an taɓa roƙonmu mu yi wa wani dattijo mai jin Hausa tafinta ranar da aka zo auna shi. Da aka tambaye shi ko yana sa tufafi da kansa, sai ya ce: «Alhamdu lillahi, da sauƙi.» Maƙwabcinsa ne ke sa masa riga kowace safiya. Duk mai jin Hausa ya san «da sauƙi» amsar gaisuwa ce, mai jinya yana faɗinta ko da yana gargara. Tafintan da ya mayar da ita «ça va mieux» bai yi ƙarya ba, amma ya ja wa mutum A a inda C ya kamata. Tsofaffin Faransawa ma suna ɓoye gazawarsu gaban baƙo, don kunya ko don tsoron a fitar da su daga gida. Bayanau huɗun nan suna auna aiki da kyau. Ba su tanadi kome ba domin al'adar magana.

4. «Domicile» da gida

Sunan siyasar baki ɗaya shi ne «maintien à domicile». «Maintien» suna ne ɗan aikatau, daga «maintenir», riƙewa da hannu. Irin wannan ƙira tana ɓoye aikau, tana barin tsoho a matsayin karɓau: wani ne ke riƙe shi. Kalmar ce dai ake samu a «maintien de l'ordre». Wanda ya fassara ta kai tsaye zai ce «tsare tsoho a gida», kuma kunnen Bahaushe zai ji ɗauri. Wasu ma'aikatan fannin sun lura da haka, sun koma cewa «soutien à domicile».

«Domicile» kuwa kalmar shari'a ce. Aya ta 102 ta kundin «Code civil» ta ɗauke ta a matsayin wurin da mutum ya kafa babban mazauninsa: adireshi guda, na mutum guda. «Gida» a Hausa ya haɗa gini da mutanen cikinsa. Shi ya sa muke cewa maigida, uwargida, ɗan gida, «ina gida?», kuma mai tambayar ba bango yake nufi ba. Wanda yake zaune shi kaɗai muna cewa yana da ɗaki. Abin da APA take biya, in muka auna shi da Hausa, tsufa ne a ɗaki.

Ƙa'idoji biyu sun nuna haka. Ta farko: ana iya amfani da APA a ɗauki ɗa ko ƴa ko jika aiki, amma ban da miji ko mata ko abokin zama, alhali su ne galibi ke ɗauke da nauyin dare da rana. Dokar 2015 ta amince da sunan «proche aidant», ta ba shi haƙƙin hutu, kimanin yuro 500 a shekara lokacin da aka soma a 2016, kuma sai in tallafin tsohon ya riga ya kai iyakarsa. A 2022 gwamnati ta sa mafi ƙarancin farashin awa ɗaya ta aikin taimako a gida yuro 22, watau wajen sefa 14 400. Hutun shekara guda bai kai kuɗin awa 25 ba.

Ta biyu ta shafi tsofaffin ƴan ci-rani daga Magrib da Afirka ta Yamma, waɗanda suka tsufa a ƙananan ɗakunan «foyers» irin na Sonacotra, wadda ta koma Adoma a 2007. Iyalinsu na can ƙasarsu, likitansu da fanshonsu na nan Faransa. APA tana bukatar zama tabbatacce a Faransa. Tallafin talakawan tsofaffi, ASPA, yana bukatar zaman wata shida a shekara, aka mayar da shi wata tara daga 1 ga Satumba 2023. Rahoton majalisar dokoki na 2013, wanda Alexis Bachelay ya rubuta, ya bayyana halin da waɗannan mutane suke ciki. A Janairu 2023 aka yafe wa tsofaffin sojojin «tirailleurs» sharaɗin zama, suka samu damar komawa gida da tallafinsu. Sauran kuwa, gidan yana wuri guda, «domicile» yana wani wurin, kuma kuɗin yana bin na biyu.

5. «Action», ko abin da mutanenmu ke kira furoje

Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin cike giɓin. Ta kafa a kowace jaha wani zama na masu ba da kuɗi, «conférence des financeurs», wanda dokar 8 ga Afrilu 2024 ta canja wa suna zuwa «commission». Shugaban majalisar jaha ke jagorancinsa, daraktan hukumar lafiya ta yanki yana mataimaki, ga asusun fansho da na inshorar lafiya da hukumar gyaran gidaje a ciki. CNSA ke aiko da kuɗin. Daga cikin abin da ake biya akwai kayan taimako, da tallafin masu kula da tsofaffi, da ayyukan rigakafi na haɗin gwiwa: motsa jiki don kauce wa faɗuwa, wasannin ƙarfafa tunani, koyon abinci mai kyau, koyon kwamfuta, yaƙi da kaɗaici. Akwai ƙa'ida mai kyau a ciki: aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin kayan taimako da na ayyukan haɗin gwiwa dole ya tafi ga waɗanda ba su kai ga APA ba. Wannan amincewa ce da cewa rigakafi ya fi magani.

Sai dai abin da ake biya sunansa «action». A nahawun waɗannan takardu, «action» tana da ranar farawa da ranar gamawa, da yawan zama, da yawan mahalarta, da rahoton ƙarshe. Jahohi suna kiran ƙungiyoyi su kawo takardun neman kuɗi, galibi shekara-shekara, ko da yake wasu suna yin yarjejeniyar shekara biyu ko uku. Sharuɗɗan sukan faɗa a fili cewa kuɗin ba na tafiyar da ƙungiya ba ne na yau da kullum. Ke nan ana iya biyan malamin motsa jiki zama goma sha biyu, amma da wuya a biya hayar ɗakin da tsofaffi ke haɗuwa duk shekara, ko albashin matar da ta san kowa a unguwa, wadda in wani bai zo ba kwana biyu take zuwa ta buga masa ƙofa.

Masana nahawu sun raba aikatau mai iyaka da marar iyaka. «Gina ɗaki» yana ƙarewa. «Zama da mutane» ba ya ƙarewa. Ƙa'idar kuɗin ta san nau'i na farko kawai, don haka ƙungiya sai ta yanka zumunci gunduwa-gunduwa ta sa wa kowane yanki suna da kwanan wata. Babbar ƙungiya mai ma'aikacin rubuta takardu tana iyawa. Ƙaramar ƙungiyar ƙauye, wadda ƴan sa-kai masu shekara 70 ke riƙe da ita, takan gaji ta bari. Haka kuma mahalarta da ake ƙirgawa su ne masu iya fitowa. Wanda matakala ta tsare, wanda muka gani a sashe na 3, ya faɗi a nan ma. Ƙungiyar Petits Frères des Pauvres, da aka kafa a 1946, ta ƙiyasta cewa mutum 300 000 masu shekara 60 zuwa sama ne ba su da hulɗa da kusan kowa a 2017, adadin ya kai 530 000 a 2021. Annobar korona tana da hannu a wannan ƙari, amma adadin farko ma ya isa ishara.

6. Abin da za a iya cewa don kare nassoshin

Adalci ya wajabta mu kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Kuɗin jama'a ne, kuma sai da ma'auni ake raba shi ba son kai. Kafin a samu ma'auni guda na ƙasa, kowace jaha da yadda take yi. Tambayar «yana wanka da kansa?» mutum biyu za su iya ba ta amsa ɗaya, tambayar «yana da mutane?» ta fi wuyar tantancewa. Haka nan biyan furoje mai iyaka yana hana ƙungiya ta kwanta a kan kuɗin hukuma ba aiki. APA kanta ci gaba ce babba idan aka gwada ta da PSD.

Hukuma ma ta soma gyara. Daga 1 ga Janairu 2024 ana iya ƙara wa mai cin APA a gida har awa tara a wata, wajen awa biyu a mako, domin hira ko rakiya, abin da ake kira «heures de lien social». Muna yaba wannan mataki. Amma a lura da sunan: zumuncin ya shigo ne bayan an mayar da shi awoyi, kuma ga wanda ma'auni ya riga ya sa a GIR 1 zuwa 4 kaɗai. Ba mu ce a jefar da ma'auni ba. Abin da muke cewa shi ne, zaɓen tambayoyi takwas daga cikin 17 hukunci ne da mutane suka yanke, ana kuma iya sake shi. Haka ma hana kuɗin tafiyar da ƙungiya.

7. Kammalawa

Mun ga yadda «autonomie» ta koma iya wanka da sa riga, «domicile» ya koma adireshin mutum guda, «action» ta koma aiki mai ranar gamawa. A kowane mataki an ajiye ɓangaren ma'anar da ya shafi sauran mutane, kuɗin kuma ya bi abin da ya rage.

Ba mu kawo Hausa a nan don mu ce namu zaman ya fi ba. A biranenmu da ƙauyukan da samari suka tafi bida akwai tsofaffin da ke kwana su kaɗai, kuma inda ake kula da su, mata ne ke ɗauke da aikin ba lada ba hutu. Mun kawo ta ne domin fassara tana tilasta wa mutum ya zaɓa. Ɗalibin da aka ba «perte d'autonomie» dole ya yanke ko «gazawar jiki» zai rubuta ko «rashin ikon kai». Wanda aka ba «domicile» dole ya zaɓa tsakanin ɗaki da gida. Shawararmu ga masu irin wannan aiki guda uku ce: su nemi ma'anar da nassin ya ba kalma kafin ta ƙamus, su duba waɗanne tambayoyi ne ke shiga lissafin kuɗi, waɗanne ne ado, kuma in an sa su tafinta gaban tsoho, su gaya wa mai aunawa cewa «da sauƙi» gaisuwa ce, ya sake tambaya ta wata hanya. Muna fatan abokan aikinmu na sashen nazarin zamantakewa za su duba wannan batu daga nasu ɓangaren a fitowa ta gaba.